Shanya Babu Rana

A ƙasar Batsari, wanda ya iya noma amma bai iya shanya ba rabin manomi ne. Da zarar ruwa ya ɗauke, kaka ta kankama, sai Darini ta rikiɗe ta zama mashanya gaba ɗayanta: damman gero a jingine a bayan gari, gyaɗa a kife 'ya'yanta na kallon sama, barkono ja wur a kan tabarmi, yankakkiyar kuɓewa a kan rufin soro da kan duwatsu, ganyen kuka kuwa a inuwa, domin rana tana cinye masa launi. Kowane amfanin gona da irin shanyarsa, kowace shanya kuma da yadda ake gane ta kai. Tsohuwa za ta ɗebi gyaɗa ta girgiza a kusa da kunne, in ta ji ƙwayar tana kaɗawa a cikin ɓawo sai ta ce a kwashe. Masara da haƙori ake tambayarta: in ta fashe ƙas, ta bushe, in haƙori ya nutse, a ƙara mata kwana biyu. Ba a wasa da wannan hukunci, domin kowa ya taɓa ganin rumbun da aka buɗe da bazara aka tarar hatsi ya dunƙule ya yi fumfuna, alhali ranar da aka zuba shi a bushe yake ga ido. Malaman gona sun ce hatsi ba ya ajiyuwa lafiya sai danshinsa ya sauko wajen kashi 13 cikin 100. Mutanenmu ba su san lambar ba, amma haƙoransu sun san ta.

A cikin wannan na tashi, daga nan na tafi Zariya na karanta injiniyancin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, ga shi yau abin da nake ci da shi shanya ce. Sai dai abin da nake shanyawa ba ya bajuwa a tabarma, rana ba ta taɓa ganinsa ba, ranar da ya fito fili kuwa an shiga uku. Iskar gas nake busarwa, a wata tashar matse gas da ke tsakiyar ƙasar nan, inda bututu ya riga ya iso. Da na yi wa kawuna wannan bayani ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, iska kuma mi ya jiƙa ta?" Ban taɓa jin tambayar da ta shiga zuciyar sana'ata kamar wannan ba, har a ɗakin jarrabawa.

Gas yana kwance ne a cikin ƙananan ramukan dutse, can ƙarƙashin ƙasa, maƙwabcinsa ruwan gishiri, shekaru miliyoyi suna tare. In an haƙo shi yakan taso da ruwa iri biyu. Akwai wanda ake gani, mai zuba, wannan tun a bakin rijiya ake tare shi a tanki ya kwanta a ƙasa saboda nauyinsa. Akwai kuma tururi, wanda ya saje da gas ɗin kamar yadda sukari ke sajewa da shayi, ba launi ba wari. Wanda ya taɓa sayen ruwan sanyi a kasuwar Batsari a watan Agusta ya ga irinsa: kafin ka kai kwalbar baki ta yi gumi sharkaf, alhali ba huda take da ita ba. Ruwan da ke yawo a cikin iska ne ya taɓa sanyi ya sauka. Sayi irin wannan kwalba a watan Janairu, lokacin da hunturu ya tsotse komai har leɓe na tsagewa, da kyar za ka ga gumin. Ma'aunin sanyin da dole a kai kafin danshi ya fara sauka shi muke kira matakin raɓa, kuma da shi muke auna bushewar gas. Gas mai danshi da ɗan sanyi kaɗan zai yi raɓa. Busasshe sosai sai an kai digiri 60 ko 70 a ƙasa da sifili.

Masu manyan bututai sukan busar da gas tun daga tushe, yawanci ta hanyar wanke shi da wani ruwa mai kauri da ake kira gilaikol, mai ƙishin tururi. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Amurka, wadda wurare da yawa suka ara, ita ce kada ruwa ya wuce fam 7 a cikin kowace ƙafa miliyan ɗaya ta gas, wato kimanin ɗigo biyu a cikin sararin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita guda ne. Mai sauraro zai ce ai wannan ya bushe. Ya bushe ga bututu. Amma mu aikinmu matsewa ne. Tayar ƙaramar mota tana ɗauke da iska mai matsin bar 2 da 'yan kai; tukunyar CNG da ke bayan mota bar 200 ake ɗura mata, manyan tirelolin da ke dakon gas kuwa har 250. Tsumman da ka taɓa ka ji kamar ya bushe, murɗe shi da ƙarfi ka gani. Haka gas yake: abin da ya ɓoye a sake, a matse sai ya amayar da shi.

A nan ne abin mamakin yake, wanda ni kaina sai da na riƙe shi a hannu sannan ya zauna mini. Idan ruwa da metan, wato babban sinadarin iskar gas, suka haɗu a ƙarƙashin matsi mai tsanani, sukan daskare su zama wani farin dunƙule mai kama da ƙanƙara, ba tare da an kai sanyin da ruwa ke daskarewa ba. A matsin bar 200 wannan ƙanƙarar gas tana iya haɗuwa ko da sanyi bai wuce na digiri 18 ba, daren hunturu a Katsina kuwa yakan sauka ƙasa da haka nesa. Ƙari a kan wannan, gas yana yin sanyi da kansa duk lokacin da ya fito daga matsi zuwa sake. Wanda ya taɓa sace iskar taya ya ɗora yatsa a kan bawul ya ji alamar hakan. A cikin regiletar mota, inda matsi ke faɗowa daga 200 zuwa ƙasa da 10, sanyin yakan yi yawan da ko a tsakiyar Afrilu, rana na dukan kwalta, ƙanƙara za ta iya toshe ƙofar da ba ta fi kan allura da yawa ba. Direba zai ga mota tana shaƙewa tana mutuwa, ya tsaya ya buɗe gaba, kafin bakanike ya iso ƙanƙarar ta narke, babu shaida. Sai a ɗora wa fulogi laifi, ko a ce gas ɗin ne ba ya jituwa da injin. Injiniyoyin Amurka ma sun sha wannan ruɗani a manyan bututansu, har zuwa 1934 lokacin da wani mai suna Hammerschmidt ya nuna cewa abin da ke toshe su wannan haɗin gas da ruwa ne. Daga nan busar da gas ya zama farilla a wannan sana'a.

Toshewa dai ɓacin rai ce da asarar lokaci. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce tsatsa. Gas yakan zo da ɗan iskar kabon, wani lokaci da ta farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma duk biyun ba sa cin ƙarfe sosai sai sun sami ruwa. Da sun samu sai su zama asid. Ruwan yakan kwanta a gindin tukunya ya yi ta ci daga ciki, waje kuwa fenti na sheƙi. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a wata tashar CNG a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyar ƙirar walda ce ta bayan fage, ba wadda aka yi domin wannan matsi ba. Babu ruwan danshi a wannan hatsari, amma ya nuna wa kowa abin da bar 200 ke yi in ƙarfe ya gaza, kuma shekarun tsatsa suna iya mayar da tukunyar kirki ta koma daidai da ta bayan fage. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. A wurinmu kam sai dai a tsane shi.

Abin da muke tsanewa da shi kowa ya taɓa riƙe ɗan'uwansa. Ɗan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi ko a robar magani, wanda aka rubuta wa gargaɗin kada a ci, silika ce. In ka farke shi za ka ga ƙwayoyi kamar gero, masu tauri kamar gilashi. Gishirin ɗakin girki ma yana jan danshi, shi ya sa yake jiƙewa da damina, amma shi narkewa yake yi a cikin abin da ya jawo. Silika ba ta narkewa. Cikinta ne a huhhuje da ramukan da ido ba ya gani, ruwa ya shiga ya manne a bangonsu, ƙwayar kuma ta kasance a bushe a hannu ko ta ƙoshi. Yawan ramukan ya kai a ce da za a shimfiɗa bangon da ke cikin giram 10 na silika, zai rufe filin ƙwallo. Tun ina ɗalibi nake juya wannan lissafi, har yau bai daina ba ni mamaki ba.

Wadda muka fi amfani da ita a tasha ta fi silika tsanani. Asalinta wani dutse ne da masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Cronstedt, ya lura da shi a 1756: in an gasa shi sai ya yi ta fitar da tururi kamar yana tafasa, don haka ya raɗa masa suna ziyolait, wato dutse mai tafasa a harshen Girka. Kusan shekaru 200 bayan haka masana a kamfanin Union Carbide suka gano yadda za a ƙera shi a masana'anta, aka fara sayar da shi a 1954. Fifikonsa shi ne ramukansa duk girmansu ɗaya, kamar idon rariya, shi ya sa ake kiransa rariyar ƙwayoyi. Akwai nau'in da faɗin ƙofarsa kashi 3 ne kacal cikin miliyan 10 na milimita: ƙwayar ruwa tana shiga, ta metan ta yi mata girma sai ta wuce. Rariyar gida gari take saki ta riƙe tsaki. Wannan ƙanana take kamawa ta saki manya. Sabuwarta tana shan ruwan da ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinta, kuma tana bin danshi har inda silika ta gaji ta bari.

Amma duk mai sha yana ƙoshi. Saboda haka na'urar busarwa tankuna biyu ce a tsaye, kowanne cike da waɗannan ƙwayoyi, mu a tasharmu Hasan da Husaini muke ce musu. Yayin da gas ke ratsa Hasan daga sama zuwa ƙasa yana barin danshinsa, Husaini yana gefe ana gasa shi: a ɗebi kaɗan daga busasshen gas, a zafafa shi da hita zuwa digiri 200 da wani abu, a tura shi ta ƙasa ya kore ruwan da ƙwayoyin suka sha, a sanyaya wannan gas a waje ruwan ya sauka a tsiyaye shi. Sannan a bar tankin ya huce, domin ƙwaya mai zafi ba ta shan ruwa. Bayan wasu sa'o'i bawul-bawul su juya, Husaini ya karɓi aiki, Hasan ya shiga wuta. Haka suke yi dare da rana. Ruwan da ke fita ta ƙaramin famfon ƙasa ba shi da kyan gani, ga wari, amma nakan tsaya in dube shi, domin shi kaɗai ne abin da ido zai iya gani na aikin yini guda.

Ƙwayoyin suna da abokan gaba. Man kwamfuresa in ya tsallako yakan toshe ƙofofinsu, zafin gashi kuma ya mayar da shi baƙin gawayi. Guguwar ruwa mai zuba in ta afko musu farfasa su take yi. Saurin sauke matsi yakan niƙe su su zama gari. Ko an kiyaye duk wannan, bayan 'yan shekaru ƙarfinsu yakan ragu, dole a zubar a sayo sababbi, da kuɗin waje. A gefen na'urar kuma akwai wani bututu gajere mai bawul guda, wanda aka tanada domin gyara: in an buɗe shi gas zai zagaye tankunan biyu ya wuce kai tsaye. A ganina duk tashar babu ƙarfen da ya kai wannan bawul haɗari.

A wata tasha da na taɓa yi wa aiki, hita ta ƙone ana tsakiyar layi, tireloli sun jeru har bakin titi. Allon matakin raɓa ya fara hawa, daga 60 a ƙasa da sifili zuwa 40, zuwa 30. Manaja ya same ni a ɗakin kula da injuna ya ce, "Injiniya, gas ɗin nan fa a bushe yake zuwa mana. Buɗe ta gefe, kwana biyu ne kacal kafin kayan gyara su iso daga Legas." Ba mugun mutum ba ne. Yana da albashin mutane a wuyansa, da masu motocin da suka biya kuɗi, kuma abin da ya faɗa akwai ƙamshin gaskiya a ciki: da an buɗe, babu abin da zai fashe a ranar, ko a makon, watakila ko a shekarar. Na ce, "Yallaɓai, ga littafin aiki, ga lambar da allo ya nuna. A sa mini hannu a gefenta, sai in buɗe." Ya dubi littafin ya dubi allon, ya fita bai ce komai ba. Muka rufe tasha kwana biyu, direbobi suka zage mu iya son ransu. Babu wanda ya zo daga baya ya ce an gode, kuma ban ga laifin kowa ba, tunda ba a yi wa mutum barka da hatsarin da bai faru ba.

Wanda ke son ya san yadda muke riƙon irin wannan amana a ƙasar nan ba sai ya je tashar gas ba. Ya duba taransifomar unguwarsu. A jikin da yawansu akwai ɗan gilashi cike da silika, wanda ke tsane iskar da ke shiga kada ta jiƙa man da ke ciki. An rina ƙwayoyin da sinadarin da ke sauya launi: shuɗi in suna da rai, ruwan hoda in sun ƙoshi. Tun da na san wannan ban iya wuce taransifoma ban leƙa ba, kuma na fi ganin ruwan hoda.

Shi ya sa murnata da zuwan gas Arewa take tafe da ɗan nauyi. Ranar 30 ga Yuni, 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnati ta kafa shirin mayar da motoci su koma CNG, masu motocin haya da masu Keke suka fara tambayar inda ake juyawa. Nijeriya tana da gas a ƙasa fiye da ƙafa tiriliyan 200, ba abin da zai hana ɗan Katsina ya mora. Sai dai bututun a Kano ya tsaya, daga can zuwa Katsina kuwa akwai wajen kilomita 170, kafin a ce Batsari ko Safana. Gas ɗin da zai zo mana a bayan tirela zai zo, ko a matse ko an mayar da shi ruwa, kuma kowanne daga cikin biyun sai ya bi ta cikin ƙwayoyin nan. A taron buɗe tasha ana nuna wa baƙi kwamfuresa da famfon ɗurawa. Ban taɓa ganin an tsaya da babban baƙo a gaban Hasan da Husaini ba.

Darini ma tana da rabo a cikin wannan magana, ko da babu motar CNG ko ɗaya a garin. Gas ɗin girki wani abu ne daban, furofen da butan, amma mafi yawansa daga cikin iskar gas ake tatso shi, ta hanyar sanyaya ta ƙwarai har masu nauyin su zama ruwa su rabu. Ba a isa a yi wannan sanyi da danshi a ciki ba. A Bonny, inda kamfanin NLNG ke mayar da gas ruwa a digiri 162 ƙasa da sifili tun 1999, kuma inda kaso mai yawa na gas ɗin girkin ƙasar nan ke fitowa, ruwan da aka yarda ya rage bai kai kashi 1 cikin miliyan ba, rariyar ƙwayoyi ce kuma ke wannan aiki. Mu da muka tashi a gefen dajin Rugu mun san abin da icce yake nufi. Da can wahala ce kawai da ƙaya. A shekarun nan na 'yan bindiga, shiga daji neman makamashi ya zama abin da ake yi da addu'a a baki, waɗanda ke gida kuma ba su da kwanciyar hankali sai sun ji sallama. Na kai wa Inna ƙaramar tukunyar gas. Tana tattalinta kamar turare, saboda tsada da kuma wahalar ɗora ta a babur a fita da ita ɗuri. Ta fi kunna ta a watan Agusta, lokacin da icce da kara suka jiƙe, hayaƙi ya cika madafa yana sa jikoki tari. Ta ce wutar ba ta da kunya, ko ana ruwa kamawa take yi.

Duk shekara ana turo mana ɗalibai koyon aiki, wasu daga Zariya, wasu daga Katsina, kuma kusan dukansu kwamfuresa suke so a kai su, don ita ce mai ƙara. Nakan fara kai su bayan sito, inda muke ajiye durom na tsofaffin ƙwayoyi kusa da na sababbi. In ɗebo wannan in ɗebo wancan in ce su bambance. Launi kusan ɗaya, girma ɗaya, duk a bushe a tafin hannu. Sukan jujjuya su shinshina, wani har ya kai haƙori, wanda duk ya yi haka na san daga gidan noma ya fito. Sai in sa a kawo kofi biyu da ruwa kaɗan a ciki, a zuba kowane ɗibi a nasa. Sabuwar rariya tana haɗuwa da ruwa take yin huci, kofin ya ɗau zafi nan take har mai riƙe da shi ya nemi wurin ajiyewa. Ɗaya kofin kuwa shiru, ƙwayoyin su nutse su kwanta a ƙasa, ruwan yana nan da sanyinsa.